Katangar da ke tsakanin manhajar banki da zuciyar wayarka

A Gaya da Ajingi, waya ta zama asusu a aljihu. Mai sayar da hatsi yana karɓar kuɗi da ita, mai POS kuwa da ita yake cin abinci. Mafi yawan wayoyin nan, irin su Tecno da itel, suna aiki da Android, ita kuma Android an gina ta ne a kan kanel ɗin Linux, wato zuciyar da ke raba wa kowace manhaja wurin zama a ma'adanar waya.

Kowane gurbi a ma'adanar yana da lambarsa, kamar adireshin gida. A waya mai tsarin bit 32, adireshin ba ya wuce 4,294,967,296, wato gigabait 4. Linux ta saba raba su biyu: gigabait 3 na manhajoji, 1 na kanel. Duk lokacin da ka latsa manhaja ta buɗe, kanel ne ke shata mata iyaka. Idan ta nemi a rubuta mata wani abu a bayan iyakar, sai a ƙi.

Matsalar ita ce shekara da shekaru kanel yana iya ɗage wannan iyaka na ɗan lokaci don yin aikinsa, ta wani umarni mai suna set_fs, sannan ya mayar da ita. To idan aka manta ba a mayar ba fa? Shi ya sa aka tanadi cewa a duk lokacin ƙaddamar da sabon shiri sai an dawo da iyakar wurinta. Duk da haka an sami ɓaraka. A 2010 wani mai bincike, Nelson Elhage, ya nuna cewa idan shiri ya faɗi a daidai lokacin da iyakar take ɗage, za a iya sa kanel ya yi rubutu a cikin ma'adanarsa. Wanda ya samu wannan dama ya mallaki na'urar baki ɗaya.

An toshe wannan kafa, amma dabarar kanta ta ci gaba da zama abin tsoro, har masu gina Linux suka kawar da set_fs kwata-kwata a sigar 5.18, cikin 2022.

A nan abin ya shafe mu. Wayoyin hannu na biyu da ake sarowa daga Farm Centre a Kano, da yawansu suna ɗauke da kanel na zubin 4, wanda ya girmi wannan gyara, kuma kamfanonin da suka ƙera su sun daina aiko musu da sabuntawa. Mai saye kan duba kyamara da batiri, ba kasafai yake duba ranar sabuntawar tsaro ta ƙarshe ba, alhali tana nan a saitin wayar, ƙarƙashin bayanan waya. Mai ajiye kuɗin jama'a a waya ya kamata ya fara duba wannan rana kafin ya taya, ya kuma guji karɓar manhaja ta Xender daga wayar wani, domin ta irin wannan hanya muguwar manhaja ke samun shiga ta gwada ƙarfin katangar.