Gidan Makama na Kano: Jiya da Yau

Gani ya kori ji. Sai da na ziyarci Gidan Makama a birnin Kano na gane sirrin daɗewarsa. Tarihi ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya zauna a cikinsa kafin a kammala fadarsa. Daga baya ya zama mazaunin Makaman Kano. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka mayar da shi ofis. Bayan nan wani sashe ya koma makaranta, wani kuma gidan adana kayan tarihi, inda na ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. A ganina, amfani da shi ne ya raya shi, domin ginin ƙasa in ba mai yaɓe, damina ce magajiyarsa.