Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Sa Kwamfuta Ɗaukewa da Tsakar Rana?

 Wasiƙarmu ta wannan mako daga Maigatari ta fito, daga wani bawan Allah mai shagon buga takardu a bakin kasuwa. Ya ce tun da bazara ta kama, kwamfutarsa ba ta kai azahar sai ta yi nauyi, ta shiga gurnani, ta ɗauke. Abin ya fi yi masa ciwo ran Alhamis, ranar kasuwa, sa'ad da fatake da dillalan shanu ke layi a buga musu takardun ciniki. Yana tambaya, ya rabu da ita ne, ko akwai magani?

To Malam, kada ka yi saurin sayarwa, alamun nan na zafi ne. A cikin akwatin akwai wani ɗan abu da bai fi faɗin kwalin ashana ba, shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. Duk wutar da ya ci, zafi take komawa. In zafinsa ya doshi digiri 100 sai ya rage gudu da kansa, nauyin da kake gani ke nan. In zafin bai sauka ba, sai ya kashe na'urar don kada ya ƙone.

Shi ya sa aka ɗora masa wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, da fanka a kansa. Ƙarfen ya zuƙo zafin, fankar ta kore shi. Amma ka lura, fanka ba ta yin sanyi, iska kurum take turawa. Saboda haka aka yi wa akwatin hanya: iska ta shiga ta gaba, ta bi ta kan kayan ciki, ta fita ta baya ko ta sama. Aka toshe ƙofa ɗaya, zafin zai yi ta kewaya ne a ciki.

Mu nan ƙasar Gumel abu biyu ne suka haɗe mana. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, balle a shagon kwano. Ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta kwanta tsakanin haƙoran ƙarfen nan, ta zame masa bargo.

Ga abin yi. Na farko, ɗaga akwatin daga ƙasa ka ɗora kan tebur, domin a ƙasa ƙura ta fi yawa, ka kuma bar aƙalla taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. Na biyu, ƙyallen da kake rufe ta da shi, cire shi duk lokacin da take kunne. Na uku, ka cire ta daga wuta, ka fita da ita waje, ka buɗe murfin gefe, a hure ƙurar da abin hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma kada su kusance ta. A yi haka bayan hunturu, a kuma maimaita bayan wata uku. Na huɗu, mai da murfin. Wasu kan bar shi a buɗe wai ta sha iska, alhali sun ɓata hanyar iskar ne, sun buɗe wa ƙura da ƙwari ƙofa. In an kunna ka ga wata fanka ba ta juyawa, kai wa mai gyara ya sauya ta, kuɗinta bai kai kusa da na sabuwar na'ura ba.

Mai kwamfutar hannu kuwa, a ƙarƙashi ƙofofin iskarta suka fi zama, don haka kada a ɗora ta kan katifa ko darduma.

'Yan uwanmu masu cajin waya na Gagarawa da Sule Tankarkar da suka yi tambaya kan inbata da batirin sola, amsarku ke nan ku ma. Kada ku kulle su cikin akwatin katako marar huji. A digiri 25 ake auna ƙarkon batiri mai ruwa, kuma ƙarin digiri 10 a kai yana iya raba kwanansa biyu. Ku sama musu inuwa da wurin da iska ke ratsawa.

Da fatan Malam ya gamsu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.