Wa Ya Sare Itatuwan Titin Claiborne?

A unguwar Tremé ta birnin New Orleans a Amurka, akwai gadar sama da ta lulluɓe titin Claiborne. A jikin ginshiƙanta na kankare an zana manya-manyan itatuwan oak da fenti. Me ya kawo zanen itace a wurin da ko ciyawa ba ta ganin rana?

Tsofaffin hotuna ne suka fara warware zaren. Kafin 1966, tsakiyar titin fili ne mai faɗi, itatuwan oak sun jeru sahu-sahu, inuwa ko'ina. Gefe da gefe kuwa shagunan baƙar fata ne, da kantunan magani, da gidajen sinima, da kamfanonin inshora. A zamanin wariyar launin fata, da ba a maraba da baƙar fata a shagulgulan Turawa, nan suke bikinsu na Mardi Gras. A farkon 1966 katafila ta iso, aka kwantar da itatuwan, kuma a 1968 motoci suka fara gudu a kan gadar, wato babbar hanyar I-10. Zanen, wanda aka yi a 2002, tunawa ce da abin da aka sare.

To, me ya sa aka zaɓi nan? Labarin da ya fi yawo shi ne wai ta French Quarter, tsohuwar unguwa mai jan 'yan yawon buɗe ido, aka so a bi da hanyar, masu hannu da shuni suka yi tsaye, sai aka juye ta kan talakawa. Labari ne mai daɗin ji, amma shekarun sun ƙi yarda da shi. Gaskiya ne tun 1946 Robert Moses, mai tsara hanyoyin New York, ya ba da shawarar gadar sama ta bakin kogin Mississippi, gaban French Quarter. Sai dai ba a soke wannan aiki ba sai 1969, lokacin da sakataren sufuri John Volpe ya janye amincewar gwamnatin tarayya. A lokacin itatuwan Claiborne sun shekara uku da faɗuwa. Ashe hanyoyi biyu ne aka tsara, ɗaya ta mutu a takarda, ɗaya ta tabbata.

Nan ne asirin ya fito. Dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta ɗora wa gwamnatin tarayya kashi 90 cikin 100 na kuɗin aiki, don haka birane suka yi rububi. A idon injiniya, tsakiyar Claiborne fili ne miƙaƙƙe, kuma na hukuma: ba mai gidan da za a biya diyyarsa. French Quarter tana da lauyoyi da 'yan jarida, kuma a 1965 aka sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa. Tremé, duk da tana cikin tsofaffin unguwannin baƙar fata a Amurka, ba ta da irin wannan kariya. Dokar kare wuraren tarihi ma sai a Oktoban 1966 ta zo, bayan aikin gama ya gama. A ganina wannan ya fi labarin makirci muni, domin ba a ma ɗauki mutanen a bakin waɗanda za a tambaya ba.

A 2021 fadar White House ta ambaci Claiborne a matsayin misalin hanyar da ta raba al'umma. Mazauna dai kansu ya rabu: wasu na so a rushe gadar, wasu na tsoron in an rushe ta kuɗin haya zai tashi ya kore su daga unguwar.