Famfas da jirgin ruwan shaƙatawa: ina gaskiya, ina ƙarin gishiri?

Da zarar iyali sun yanki tikitin jirgin ruwan shaƙatawa, irin manyan nan da ke tashi daga Miyami ko Basalona ko Dubai su yi mako guda suna zaga gaɓar teku, idan akwai ɗan shekara biyu ko uku a gidan, zance ɗaya ne ke hana uwa barci: yaron nan bai bar famfas ba. Daga nan shawarwari sai su yi ta kwararowa. Wannan ta ce ba za a bar shi ya hau jirgin ba. Waccan ta ce kwana uku sun isa a raba shi da famfas in dai an dage. Wata kuma ta ce a saya masa famfas ɗin wanka a ɗora gajeren wando a kai, babu mai ganewa. 'Yan uwanmu mazauna Ingila da Amurka sun daɗe suna irin wannan tafiya, kuma tun Disambar 2024 da jirgin Saudiyya mai suna Aroya ya fara tashi daga Jidda, zancen ya ƙara matsowa kusa da mu. Cikin maganganun nan akwai gaskiya tsagwaronta, akwai wadda aka yi wa ƙarin gishiri, akwai kuma wadda ke cutar da yaro.

Maganar cewa ba a ɗaukar yaro mai famfas ƙanzon kurege ce. Abin da kamfanonin jiragen ke dubawa shi ne watannin haihuwa. Mafi yawansu suna karɓar jariri daga wata 6, sai dai a doguwar tafiya irin ta ƙetare Tekun Atlantika, inda sukan ce sai ya cika wata 12, domin jirgi zai kwana da yawa nesa da asibiti. Babu mai tambayar ko yaro ya iya tsuguno kafin a ba shi izinin shiga.

Inda gaskiya take shi ne wurin wanka. Yaron da bai bar famfas ba, ba a yarda ya shiga kwamin iyo na jirgin ba, haka ma kwamin ruwan ɗumi. Wannan ba ƙa'idar da wani ma'aikaci ya ƙirƙira don ya ɓata wa iyaye rai ba ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana da shirin duba tsaftar jiragen ruwa tun 1975, wanda ya shafi duk jirgin da ke ɗauke da fasinja 13 ko fiye, yake zuwa ƙasashen waje kuma yake tsayawa a tashoshin Amurka. A ƙa'idojin shirin aka hana yara masu famfas shiga kwamin iyo, kuma manyan kamfanoni kan bi wannan tsari a jiragensu da ke wasu tekunan ma. Abin da aka yarda da shi shi ne wurin wasan ruwa na musamman, marar zurfi, mai injin tace ruwa nasa daban. Jiragen Disney suna da shi, wasu jiragen Royal Caribbean ma haka, amma ba kowane jirgi ba. Iyayen da suka damu da wannan sai su tambayi sunan jirgin da za su hau takamaimai, domin kamfani ɗaya kan mallaki jirgi mai wurin da kuma wanda ba shi da shi.

Shawarar nan ta ɓoye famfas ɗin wanka a ƙarƙashin wando ita ce ta fi ɓata mini rai, domin masu ba da ita sun ɗauka dabara suka koyar. Famfas ɗin wanka ba ya shan fitsari ko kaɗan. Da yana sha da ya kumbura ya yi nauyi da zarar an shiga ruwa. Aikinsa kawai ya riƙe kashi mai tauri na ɗan lokaci. Idan gudawa ce, ruwa na ratsa shi ya kwashi ƙwayoyin cuta ya watsa. Masu cewa ai sinadarin kulorin zai kashe komai, ko ruwan gishiri ne ba ya ɗaukar ƙazanta, ba su san Cryptosporidium ba, ƙwayar da ke haddasa gudawa mai naci. Tana iya rayuwa fiye da mako guda a cikin ruwan da aka zuba wa kulorin daidai ƙa'ida. Idan aka yi gudawa a kwami, rufe shi ake yi, a ƙara ƙarfin maganin ninki-ninki, a bar shi fiye da awa 12, ko kuma a zubar da ruwan gaba ɗaya. Kwamin jirgi ƙarami ne, mutanen ciki kuwa dubbai. A cikin masu shiga akwai mai juna biyu, akwai tsoho, akwai yaron wata uwa da ke kurɓar ruwan ba tare da ya sani ba. Wanda ya san haka ba zai kira ɓoyewar nan wayo ba.

Sai ɗakin wasan yara, inda ake barin su a hannun ma'aikata iyaye su ɗan sarara. Ana cewa duk jirage sai yaro ya iya bayan gida kafin a karɓe shi. Rabin gaskiya ke nan. A Royal Caribbean, sashen yara daga shekara 3 yana buƙatar yaron da ya bar famfas kwata-kwata, har da irin wanda ake sawa kamar kamfai. Disney ma ɗakin wasansu na masu shekara 3 zuwa sama haka yake, amma suna da ɗakin reno na jarirai daga wata 6 zuwa shekara 3, wanda ake biyan kuɗi a kan awa. Carnival kuwa an san su da karɓar yara daga shekara 2 ko da famfas a jikinsu, ma'aikata su canza musu da kayan da iyaye suka kawo. Tsarin kan sauya, don haka a karanta na shekarar da za a yi tafiya.

Akwai abin da ya kamata uwa Bahaushiya ta lura da shi a nan. Idan kamfanonin jiragen suka ce yaro ya iya bayan gida, suna nufin ya ji matsuwa ya faɗa, ya shiga shi kaɗai, ya cire wando, ya gyara jikinsa, ya mayar. Ma'aikata ba sa shiga su taimaka. Yaronmu kuwa da ruwa ya saba. Yana gamawa zai ƙwala kira, "Umma, na gama," ya jira a zo da buta a yi masa tsarki. Yaro na iya shekara guda da barin famfas amma bai kai wannan matsayin ba, kuma wannan ba gazawa ba ce, al'adarmu ta tsarki ce ta fi tasu buƙatar hannun babba. Mafita ita ce a kai shi banɗaki kafin a miƙa shi, kada a daɗe, a kuma shaida wa ma'aikata su kira idan ya nema. Butar ma a sa ƙarama a cikin kaya, domin ba lalle a tarar da abin tsarki a banɗakin jirgi ba.

Yanzu ga babbar jita-jitar, ta kwana uku. Tana da asali. A 1974 masana halayyar ɗan adam biyu a Amurka, Nathan Azrin da Richard Foxx, suka fitar da littafi a kan koyar da bayan gida cikin ƙasa da yini guda, kuma daga irin tunaninsu hanyoyin gaggawa na yau suka samo tushe. Abin da masu yaɗa zancen ke mantawa shi ne, su kansu sun yi magana ne a kan yara daga wata 20 zuwa sama, waɗanda aka fara tabbatar da cewa jikinsu ya shirya. Kafin su, a 1962, likitan yara T. Berry Brazelton ya kawo hanyar bin alamun yaro, wadda ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fi karkata a kanta har yau. Wani bincike da aka buga a mujallar Pediatrics a 2003, wanda ya bi yara a yankin Filadalfiya, ya gano cewa waɗanda aka fara matsa wa da wuri sun fi daɗewa kafin su ƙware, kuma babu wata riba ta a zo a gani a tsananta horo kafin wata 27. Kwana uku na iya aiki ga yaron da dama yana bakin gaɓa. Ranar tashin jirgi ba ta da ikon nunar da mafitsarar yaro, kamar yadda duka da sanda ba ya nunar da mangwaro.

Alamun shiri a fili suke: famfas ya kai kamar awa biyu a bushe, yaro yana laɓewa bayan ƙofa ko kujera idan zai yi kashi, yana nuna ƙyamar famfas mai datti, yana iya ja da wandonsa, yana fahimtar gajeren umarni. Yawanci sukan fara bayyana tsakanin wata 18 da 24, wasu kuma sai sun haura haka sosai.

Wata za ta ce, to iyayenmu fa, da suke ɗora jariri a kan ƙafafunsu tun kafin ya iya zama, ya yi abinsa a ƙasa ko a fo? Wannan gaskiya ne, ba tatsuniya ba. A 1977 ma an buga bincike a kan ƙabilar Digo ta gaɓar Gabashin Afirka, inda jarirai ke zama a bushe tun suna wata 5 zuwa 6 ta irin wannan hanya. Amma a lura da wanda ke yin aikin. Uwar da yaro ke goye a bayanta yini guda ta san motsinsa, ta san lokacinsa bayan ya sha nono, ita ce ke sauke shi a kan kari. Hanya ce mai kyau, tana rage kuɗin famfas da kurajen zama cikin jiƙa, kuma wadda ta fara ta tun yaro na jariri ta ci riba. Sai dai ba za a ɗauko ta a rana ɗaya a ɗora wa ɗan shekara biyu da rabi da ya tashi cikin famfas dare da rana ba. Ya saba da wani abu daban, sai an bi shi a hankali.

Masu cewa a ɗan tsorata shi ko a zane shi sau ɗaya zai shiga hankalinsa, su ne ke jawo matsalar da ta fi ta farko. Yaron da ya ji tsoron fo yakan riƙe kashi. Idan ya riƙe, hanji ya ci gaba da tsotse ruwan, kashin ya bushe ya yi tauri, ranar da ya fito ya fito da zafi, wani lokaci har da ɗan tsagewa da jini. Sai yaro ya ƙara riƙewa don gudun zafin. Hanjin da ya cika kuma yana danne mafitsara, sai fitsarin da aka ce an magance ya dawo. Za ka ga yaro ya miƙe ƙafafu ya sandare, ya matse cinyoyi, fuska ta yi ja, a ɗauka yunƙuri yake, alhali hanawa yake yi. Irin wannan kan ɗauki watanni kafin ya warware, wani sai da maganin likita, duk saboda hutun mako guda.

Fitsarin kwance kuwa babinsa daban. Bushewar dare ta dogara da wani sinadari da jiki ke fitarwa ya rage yawan fitsari lokacin barci, da kuma iya farkawa idan mafitsara ta cika. Ba a koyar da waɗannan. Kusan kashi 15 cikin 100 na yara 'yan shekara 5 suna jiƙa shimfiɗa, kuma abin na bin jini. Tara yara su yi wa yaro waƙar tsiya, ko barazanar ɗaura masa kwaɗo, ba su taɓa gaggauta wannan ba, kunya kawai suke dasa masa. Sa wa yaro famfas da dare a jirgi ba ya rushe abin da ya koya da rana, kuma babu dokar jirgin da ta shafi abin da yake sawa ya kwanta.

Ko yaron da ya ƙware a gida yana iya komawa baya a tafiya, saboda sabon wuri, canjin abinci da rikicewar lokacin barci. Ga kuma masan jirgi, wanda ba irin na gida ba ne. Da ƙarfin iska yake zuƙe ƙazanta. Ana rufe murfi, a danna maɓalli a bango, sai a ji wata ƙara mai ƙarfi farat ɗaya, wadda ko babba kan zabura a karon farko. Ɗan shekara biyu da ya ji ta yana kusa na iya ƙin sake leƙa banɗakin har a sauka. A fitar da shi tukuna, a ja ƙofa, sannan a danna. A tafi da fo ɗinsa na gida idan zai shiga jaka, ko kujerar masai mai naɗewa. Kada a jefa famfas ko tsumman goge jiki a ciki, domin bututun siriri ne, idan ya toshe yakan shafi ɗakunan maƙwabta.

A ganina lissafin mai sauƙi ne. Idan saura wata uku ko fiye kuma alamun shiri sun bayyana, a fara yanzu cikin natsuwa. Idan saura mako biyu ko uku kuma yaro bai nuna komai ba, a bar shi da famfas ɗinsa, a nemi jirgi mai wurin wasan ruwan jarirai, ko a jira ranar da jirgi ya tsaya a kai shi bakin teku, a fara horo bayan an dawo gida an huta. Famfas kuma a ɗauki fiye da abin da ake zaton za a buƙata, domin kantin jirgi ba lalle ya samu girman da ake so ba, in ya samu ma da tsada.

Akwai kuma masu raɗa wa juna cewa idan yaro ya kamu da gudawa a jirgi a yi shiru, kada a kulle ku a ɗaki. Gaskiya ne asibitin jirgi kan nemi marar lafiya ya zauna a ɗaki har kamar awa 24 bayan gudawa da amai sun tsaya, domin ƙwayar norovirus tana yaɗuwa da sauri a wuri mai cunkoso. Amma ƙaramin yaro ruwan jikinsa na ƙarewa da wuri, kuma a tsakiyar teku wannan ɗakin likitan ne kaɗai ake da shi. A kai shi, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari, wanda ya kamata a sa 'yan ƙunshinsa a jaka tun daga gida. Man goge hannu mai sinadarin barasa da ake ajiyewa a ƙofar ɗakin cin abinci ba ya kashe norovirus sosai, don haka bayan kowane canjin famfas da kowane tsarki a wanke hannu da sabulu da ruwa, na uwa da na yaron duka.