Tsohuwar Gangar Badujala: Gane Ta Kafin Ka Taɓa Ta

Duk wanda ya taɓa kallon faretin 'yan sanda ko na ɗalibai ya san muryar ƙaramar gangar nan ta badujala, mai kakkaɓin sauti. Sirrin muryar yana ƙasanta, inda aka shimfiɗa siraran wayoyi a jikin fata, da zarar an bugi sama sai su ɗauki rawa. Makaɗanmu ma sun san dabarar, don akan gitta igiya a kan fatar ganga domin ta riƙa zuza. A Amurka da Turai tsofaffin gangunan nan sun zama kayan tarihi masu tsada, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka lalace a hannun mai ɗokin gyara suka lalace.

Aikin farko shi ne sanin abin da ke hannunka. Ana farawa da ɗan bajin ƙarfe da ke manne a jikin kango, wanda ramin shan iska ya ratsa tsakiyarsa. Ɗauki kamfanin Ludwig, wanda William F. Ludwig da ɗan'uwansa Theobald suka kafa a Chicago a 1909. Kamfanin ya koma hannun kamfanin Conn, sai William ya buɗe wani a 1937 da sunan W.F.L., bai sake mallakar sunan gidansu ba sai 1955. Ke nan gangar da bajinta ke ɗauke da haruffan nan uku ta faɗi zamaninta da bakinta. Wajen 1969 kuma aka sauya zuwa baji mai launin shuɗi da kore. Gretsch na Brooklyn shi ma an san shi da kewayayyen baji har farkon shekarun 1970.

Sai dai baji abin cirewa ne, mayaudara kuma sun san haka. Duba zoben da ya riƙe shi ta ciki: na kamfani a lanƙwashe yake sumul, wanda aka sake dasawa kuwa sai ka ga tabon filaya. Lambar da ke kan bajin Ludwig ma ba ta bayar da ranar ƙira daidai. Bayan Ringo Starr na ƙungiyar Beatles ya fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Fabrairun 1964 yana kaɗa gangunan Ludwig, ciniki ya buɗe har ma'aikata suka riƙa ɗibar baji ba bisa jeri ba. Hatimin kwanan wata da akan buga a cikin kango ya fi lambar gaskiya, idan wani bai goge shi da sunan tsafta ba.

Kangon kansa shi ne babban shaida. Radio King ta kamfanin Slingerland, wadda makaɗi Gene Krupa ya ɗaukaka tun shekarun 1930, an fi saninta da katako falle ɗaya da aka turara aka lanƙwasa, aka ƙarfafa bakinsa da zobba ta ciki. Idan ka ga ganga mai maɗauran katako maimakon ƙarfe, kada ka ɗauka aikin kafintan ƙauye ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta taƙaita ƙarfen da za a sa wa kayan kiɗa, shi ya haifar da ganguna irin su Rolling Bomber. A ɓangaren na ƙarfe, mayen ƙarfe zai raba maka baƙin ƙarfe da sauran, amma ba ya kama tagulla, ba ya kama alminiyam. Nan sai nauyi ya yi alƙalanci. Ludwig ta fara da tagulla, daga baya a farkon shekarun 1960 ta koma alminiyam a samfurin Supraphonic, irin wadda John Bonham ya kaɗa. Ta tagullar ta fi nauyi, ta fi ƙaranci, ta fi kuɗi. Ta alminiyam kuwa rufinta mai sheƙi yakan yi ƙuraje ya ɓare, kuma ba gogewar da ke maganin wannan. A bar ta haka, muryarta na nan daram.

In an zo gyara, a ɗauki hoto ta kowane gefe kafin a kwance noti ko ɗaya, a ware ƙananan kayan kashi-kashi. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon burushin haƙori sun isa ga yawancin dauɗa, a busar sosai, a ɗiga mai a zaren notuna. Samfefa da man goge ƙarfe mai kaifi su ne abokan gaba. Gangar Black Beauty ta shekarun 1920, mai baƙin rufi da zanen hannu a kan tagulla, goga mai ƙarfi na iya cinye rufin nan, darajarta ta bi shi.

Wurin da na ga ya fi cancantar haƙuri shi ne bakin kango, inda fata ke zama. A kifa shi a kan gilashi, a kunna tocila a ciki, a ga inda haske ke fita. A bakin ƙasa za a tarar da wurare biyu masu fuskantar juna da suka ɗan lotsa. Da gangan aka yi su, domin wayoyi su kwanta luf a jikin fata. Mai gyaran da bai sani ba sai ya ɗauka lalacewa ce ya daidaita su, daga ranar gangar ba za ta ƙara magana da kyau ba.

Akwai kuma matsalar fata. Kafin Remo Belli ya yaɗa fatar roba a 1957, fatar maraƙi ake ɗaurawa, don haka wasu tsofaffin kanguna sun ɗan zarce awon yau, inci 14 ɗinsu ba ya karɓar sabuwar fata cikin sauƙi. Kada a fere katako, akwai fatun da aka yi musamman masu yalwar zobe. Haka nan idan maƙunnin ɗaga wayoyi ya karye, a nemi irinsa ko wanda ya dace da ramukan asali. Huda sabon rami na minti ɗaya ne, amma masu saye ramuka suke fara ƙirgawa. Duk abin da aka cire, ko da ya mutu, a ƙulle shi a leda a ajiye tare da gangar.