Ƙarfen da ke ɗauke da masararmu

Bana da kaka na bi bayan wata a-kori-kura daga Bakori zuwa Funtuwa. An danƙara mata masara har bayanta ya zauna, fitilun gaba suna kallon sama. Duk ramin da ta faɗa sai in ji ƙwas, ƙarfe ya daki ƙarfe. Na san wannan ƙarar tun ina yaro, a tsohuwar Fijo 504 ta kawuna, irin waɗanda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna a da.

Abu biyu ne ke aiki a ƙarƙashin bayan mota, kuma mutanenmu ɗaya kawai suke kula da shi. Na farko sifirin. A motar ɗaukar kaya falle-fallen ƙarfe ne masu lanƙwasa, a jere bisa juna, dogo a sama, gajeru a ƙasa, ƙusa ɗaya ta ratsa tsakiyarsu ta haɗe su. Shi ke ɗaukar nauyi. Na biyu shakazoba, bututu ne mai ɗauke da mai, wanda ake tura man cikinsa ta wasu ƙananan ƙofofi. Ba ya ɗaukar kaya ko tiya ɗaya. Aikinsa shi ne ya kwantar da sifirin bayan ya lotsa, don taya ta zauna a ƙasa.

To, idan direba ya ga bayan motarsa ya sauka, wurin bakanike yake zuwa a ƙara masa falle biyu ko uku. Motar ta miƙe, ransa ya yi fari, gobe ya ƙara buhu biyar. Wani dattijon bakanike a Malumfashi ya taɓa faɗa wa kawuna a gabana: "Alhaji, falle zan ƙara maka, amma birki da taya suna nan yadda kamfani ya yi su." Gaskiya ya faɗa. Sifirin da ya yi tauri ba ya shanye duka, sai ya miƙa shi ga gangar jikin motar, ta fara tsagewa a wurin maƙalin, a kai ta walda, ta sake tsagewa kusa da waldar. In kuwa ƙusar tsakiya ta karye, za ka ga mota tana tafiya a karkace kamar kaguwa.

Shakazoba shi ne marayan. Yakan mutu shiru, ba wanda ya sani. Duba jikinsa: in mai ya jiƙa shi, jar ƙura ta manne, ya gama aiki. Ko ka danna bayan ƙaramar mota da ƙarfi ka saki, in ta ci gaba da rausaya, a canja shi, kuma dama da hagu tare. A hanyar burji mai gargada, taya marar shakazoba tsalle take yi, kuma tayar da ke sama ba ta jin birki. Wannan ne ke tayar mini da hankali, musamman idan na ga mata da yara zaune bisa buhuna ranar kasuwar Dandume.

Babur ma haka. Buhu biyu a bayan Boxer kilo 200 ne, ban da mai tuƙi. Akwai matakai a gindin sifirin da ke kewaye da shakazobansa da ake murzawa don kaya masu nauyi, amma da yawa ba su taɓa murza su ba. Idan robar da ke riƙe da ƙafar baya ta cinye, babur ya riƙa kaɗa gindi a kwana.

Kekunan hawan dutse 'yan Kwatano masu sifirin a tsakiya kuwa, don wasa aka ƙera su. Ɗan maƙwabcina ya ɗaura wa nasa jarka biyu ta ruwa, kafin damina ta fita maƙalin tsakiya ya yi sako-sako, ya koma kan tsohon Rali na babansa.