Sirrin da ke Cikin Ramukan Gawayi

Shirinmu na yau zai leƙa cikin abin da kowane madafi ya sani, wato gawayi.

A watan Afrilun 1915, a fagen daga na Ypres da ke Beljiyam, sojojin Jamus suka saki iskar guba ta kulorin, mutane suka yi ta faɗuwa. A shekarar nan ce wani masanin sinadarai ɗan Rasha, Nikolai Zelinsky, ya fito da abin rufe fuska mai ɗauke da gawayi. Iska ta ratsa, guba ta maƙale, soja ya sami numfashi.

To, ina gubar take tafiya? Ba narkewa take yi ba, irin ta sukari a shayi. Mannewa take yi a jikin gawayin. Ƙwayoyin zarra da ke saman kowane abu mai tauri suna da ragowar ƙarfin jawo abu, sai su cafke ƙwayoyin iska ko na ruwa da suka gifta. Ba'amurke Irving Langmuir ya bayyana yadda suke jeruwa layi ɗaya har gurbi ya ƙare, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1932. Gurbi na cika kuwa, gawayi ya gama aiki, dole a sauya shi.

Abin mamakin yana wajen fili. Idan aka gasa gawayi da tururi mai tsananin zafi, ramukan da ido ba ya gani sukan buɗe a cikinsa, har giram ɗaya kacal ya iya samun filin da ya kai murabba'in mita 1,000. Shi ake sakawa a matatar ruwan sha, shi kuma likita ke ɗura wa wanda ya sha wasu magunguna fiye da kima.

Na'urar iskar oksijin da ke gefen gadon yaro mai ciwon huhu ma haka take aiki, sai dai da ma'adinin ziyolait, wanda ke riƙe naitirojin ya bar oksijin ya wuce.

Amma a kula, gawayin murhu ba na asibiti ba ne, kuma ko na asibitin ba ya maganin kananzir. Iyaye, idan yaro ya sha guba, kada a tsaya dakan gawayi, a garzaya da shi asibiti nan take.